Sawun Raƙumi a Cikin Kalmar "Serendipity"

Akwai wata kalmar Ingilishi da ba a cika jin ta a kasuwa ko a tashar mota ba, sai dai a littattafan kimiyya ko a bakin waɗanda boko ya ratsa. Kalmar ita ce serendipity. Idan muka buɗe ƙamus, zai gaya mana cewa tana nufin mutum ya ci karo da wani alheri wanda bai fita nemansa ba. Da jin haka Bahaushe ba zai ga abin wahala ba. Zai ce ai dace ke nan, ko sa'a, ko gamo da katar. In yana so ya ƙara wa maganar gishiri, ya ce tsuntsu daga sama gasasshe.

Mu ma haka muka daɗe muna fassara ta. Sai da muka bi sawunta baya, daga Landan zuwa Benis, daga Benis zuwa Delhi, har zuwa wani tsibiri a tekun Indiya, sannan muka gane cewa rabin ma'anarta ya zube a hanya. Rabin da ya zube ɗin kuwa shi ne ya fi amfani ga mai neman ilimi.

Ranar suna

Yawancin kalmomi babu wanda zai iya cewa ga ranar da aka fara rubuta su. Wannan kuwa an san ranar, an kuma san mai ita. Ranar 28 ga Janairun 1754 ce, mutumin kuma Horace Walpole, ɗan Robert Walpole wanda ake ɗauka a matsayin firaministan Birtaniya na farko. Horace ɗan gata ne, ɗan majalisa, mai sha'awar tara tsofaffin kaya da zane-zane a gidansa na Strawberry Hill kusa da Landan. Abin da ya fi shahara da shi shi ne rubuta wasiƙa. Ya bar dubbai a bayansa, da yawa daga ciki zuwa ga abokinsa Horace Mann, wakilin Birtaniya a birnin Fulorens na Italiya. Sun shafe fiye da shekara 40 suna musayar wasiƙu ba tare da sun sake haɗuwa ido da ido ba.

Mann ya aiko masa da kyautar wani zanen hoto na Bianca Cappello, wata 'yar Benis da ta auri mai mulkin Tuskani, ɗan gidan Medici, a ƙarni na 16. Walpole yana cikin shirin yi wa hoton firam, sai ya buɗe wani tsohon littafi na tamburan manyan gidajen Benis, ya ga tambarin gidan su Bianca ɗauke da wata 'yar alama irin ta gidan mijinta. Murna ta kama shi. Ya rubuta wa Mann cewa irin wannan tsintuwa yana da sunan da yake kiran ta da shi, serendipity, kuma tunda ba shi da wani babban labari a ranar, bari ya bayyana masa inda ya samo sunan.

Ya ce ya taɓa karanta wata tatsuniya ta shirme game da 'ya'yan sarkin Serendip su uku, waɗanda duk inda suka bi sai sun gano abin da ba shi suka fita nema ba, ta hanyar abu biyu: katari da basira. Misalin da ya kawo shi ne ɗayansu ya gane cewa wani alfadari da ba ya gani da idon dama ya bi hanyar, domin ciyawar gefen hagu kaɗai aka ci, alhali ta dama ta fi kyau. Sai ya ɗauki sunan ƙasar ya liƙa masa ɗafa-ƙeyar "-ity", wadda Ingilishi ya gada daga Latin ta hannun Faransanci, mai yin irin aikin da "-nci" ko "-ntaka" suke yi a Hausa. Da Bahaushe ne ya ƙirƙiro ta, da yanzu "sarandibanci" muke cewa.

Don kada abokinsa ya ɗauka sa'a kawai yake nufi, ya ƙara masa da wani misali daga tarihin Ingila. Wani basarake mai suna Shaftesbury ya je cin abinci gidan Clarendon, ɗaya daga cikin manyan 'yan majalisar sarki, sai ya lura da yadda uwargida take girmama 'yarta a wajen cin abincin, girmamawar da ta wuce ta uwa da 'ya. Nan take ya gane an ɗaura wa yarinyar aure a ɓoye da ƙanen sarki. Kowa a wurin ya ga abin da ya gani, amma shi kaɗai ya karanta. Labarin zuciya, in ji mutanenmu, a tambayi fuska.

Alfadarin da ya kasance raƙumi

Walpole ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya. Babu alfadari a tatsuniyar, raƙumi ne. Littafin ya fara fitowa a Benis a 1557, da Italiyanci, daga maɗaba'ar Michele Tramezzino, aka ce wani mutumin Armeniya mai suna Cristoforo ne ya fassaro shi daga Farisanci. An juya shi zuwa Jamusanci a 1583, Faransanci a 1719, sannan Ingilishi a 1722, lokacin Walpole yana ƙaramin yaro.

Ga yadda labarin yake. Sarkin Sarandib yana da 'ya'ya maza uku. Ya tara musu malamai mafiya sani a ƙasarsa har suka ƙoshi da karatu. Da ya ga ilimin littafi ya zauna, sai ya ƙirƙiri fushi ya kore su daga ƙasar, don duniya ta koya musu sauran. Suka shiga ƙasar Sarki Bahram na Farisa. A hanya suka haɗu da wani mutum yana cigiyar raƙuminsa. Na farko ya tambaye shi, raƙumin nan mai ido ɗaya ne? Na biyu ya ce, yana da giɓi? Na uku ya ce, yana ɗingishi? Mutumin ya amsa duka, ya ruga inda suka nuna masa, bai ga komai ba. Da ya dawo ya sake tarar da su, sai suka ƙara masa: raƙumin yana ɗauke da man shanu a gefe ɗaya, zuma a ɗaya gefen, mace ce a kansa, kuma tana da juna biyu. Amma fa, in ji su, ba su taɓa sa shi a ido ba.

Wa zai yarda? Mai raƙumi ya kai ƙara, aka kama su da laifin sata, aka jefa su kurkuku, hukuncin kisa yana jiran su. Ana cikin haka wani ya tsinci raƙumin yana gararamba, ya kawo. Sarki ya sa aka fito da samarin, ya tambaye su yadda aka yi suka siffanta dabbar da ba su gani ba.

Suka ce ciyawar gefe ɗaya kaɗai aka ci, kuma ita ce mara kyau, ke nan ba ya gani da ɗaya idon. A kan hanya akwai guntayen ciyawa da aka tauna suka zubo, kowane kamar girman haƙori, ke nan ta giɓi suka fito. Sawun ƙafa uku ya fito sarai, ta huɗu jan ta ake yi. Tururuwa sun yi layi a gefen da mai ya ɗiga, ƙudaje sun taru a gefen da zuma ta ɗiga. A inda raƙumin ya durƙusa akwai ƙaramin sawun mutum, kusa da shi kuma shatin tafin hannu biyu, alamar wadda ta tsuguna ta kasa miƙewa sai da ta dafa ƙasa.

To, ina sa'a a nan? Samarin ba su tsinci dukiya ba, ko raƙumin ma ba su suka gano shi ba. Abin da basirarsu ta fara jawo musu shi ne zaman kurkuku. In akwai katari a labarin bai wuce guda biyu ba: sun bi hanyar da raƙumi ya bi, kuma an tsinci raƙumin kafin a sare musu kai. Duk sauran lura ce, da sanin halin dabba, da sanin abin da tururuwa take so da abin da ƙuda yake bi.

Kafin Benis

Tushen Farisancin da maɗaba'ar Benis ta ambata gaskiya ne. Yana komawa ga Amir Khusrau, mawaƙin fadar sarakunan Delhi, wanda ya rayu daga 1253 zuwa 1325. Wajajen 1302 ya kammala wani dogon waƙe da Farisanci mai suna Hasht Bihisht, wato Aljannu Takwas, yana bin tsarin da mawaƙi Nizami ya shimfiɗa a ƙarshen ƙarni na 12. Gwarzon waƙen shi ne Bahram Gur, sarkin Farisa na gaskiya da ya yi mulki daga 420 zuwa 438, wanda aka sani da son farauta. A waƙen, Bahram yana da gimbiyoyi bakwai a soraye bakwai, kowace da launinta da ranarta, kowace kuma tana ba shi labari. Labarin 'ya'yan sarkin Sarandib yana cikin waɗannan. Shi ya sa sunan Bahram ya biyo labarin har Italiya, inda ya koma Beramo.

Shi ma Khusrau ya tarar da labarin raƙumin ne yana yawo. Wanda ya leƙa tarihin Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ko littafin Murujuz Zahab na Mas'udi, zai gan shi da wasu sunaye. A can 'yan'uwan huɗu ne: Mudar, Rabi'a, Iyad da Anmar, 'ya'yan Nizar ɗan Ma'addu ɗan Adnan. Mudar ɗin nan shi ne wanda Ƙuraishawa suka fito daga tsatsonsa. Mahaifinsu ya rasu, rabon gado ya rikice musu, suka nufi Najran wajen wani mai hukunci da ake kira Af'a. A hanya suka wuce inda raƙumi ya yi kiwo. Ɗaya ya ce mai ido ɗaya ne. Ɗaya ya ce a karkace yake tafiya, domin sawun ƙafa ɗaya ya fi na ɗaya nutsewa. Ɗaya ya ce ba shi da wutsiya, domin kashinsa a tare yake wuri guda, da yana da wutsiya da ta watsa shi. Na ƙarshe ya ce gudajje ne, domin yakan bar ciyawa mai yawa ya wuce inda ba ta da yawa. Su ma mai raƙumi ya riƙe su ya ce su fito masa da abinsa. Littafin Talmud na Yahudawa, wanda ya girme duk waɗannan, shi ma yana da nasa: wasu kamammun yaƙi biyu suka siffanta raƙumin da yake gabansu, mai ido ɗaya, ɗauke da giya a gefe ɗaya da mai a ɗaya gefen.

Larabawa suna da suna ga wannan ilimi. Suna ce masa ƙiyafa, wato karanta sawu da kamannin jiki, 'yar'uwarta kuma ita ce firasa, gane abin da ya ɓoyu daga abin da ya bayyana. Akwai ƙabilun da suka shahara da shi, kamar Banu Mudlij. A wajen mutumin hamada abin ya wuce wasa ƙwaƙwalwa. Wanda bai iya karanta ƙasa ba, in raƙuminsa ya ɓace ya ɓace ke nan, wani lokaci har da ransa.

Tsibirin zaki

Saura sunan kansa. Sarandib shi ne abin da Larabawa da Farisawa suke kiran tsibirin da yau muka sani da Siri Lanka, a kudancin Indiya. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa ya samo asali daga harshen Sanskirit, Sinhala-dwipa, wato tsibirin Sinhalawa. Sinha a wannan harshe zaki ne, kuma tsohon tarihin tsibirin mai suna Mahawansa ya ce Wijaya, wanda ya kafa sarautarsu, jikan zaki ne. Har gobe zaki ne riƙe da takobi a tutar ƙasar. Wannan sinha ɗin ita ce a sunan Singh na mutanen Indiya, ita ce kuma a Singafo, birnin zaki.

Dwipa kuma tsibiri ne, an gina ta daga dwi, biyu, da ap, ruwa: ƙasar da ruwa ya sa a tsakiya. Ita ce wutsiyar sunan tsibiran Maldib. Dwi ɗin 'yar'uwar kalmar "two" ce ta Ingilishi da "duo" ta Latin, domin duk harsunan daga kaka ɗaya suka fito, ap kuma 'yar'uwar ab ce ta Farisanci da muke ji a Punjab, ƙasar ruwa biyar. Ke nan lokacin da Walpole ya ɗauko Serendip yana ganin ya kawo baƙuwa daga nesa, ashe akwai jinin gidansu a jikinta.

Yadda Sinhala ta koma Saran ba zai ba mu mamaki ba. Baki yakan musanya "l" da "r", kamar yadda Basakkwace zai ce halshe da halbi, Bakano ya ce harshe da harbi. Larabci kuma ba shi da "p", sai ya mayar da ita "b". Sunan ya daɗe yana tafiya a bakin fatake. Wani marubucin tarihi na Rum, Ammianus, ya rubuta cewa wajajen 362 wasu mutane da ya kira Serendivi sun aika jakadu ga Sarki Julian. Wani reshe na sunan ya zama Sailan a Larabci, Turawan Fotugal da suka isa tsibirin a farkon ƙarni na 16 suka ɗauka, daga gare su Ingilishi ya samu Silon, sunan da ƙasar ta riƙe har 1972.

A duniyar Musulmi Sarandib ba baƙon suna ba ne. Akwai dutse a tsakiyar tsibirin mai tsawon mita 2,243, a ƙolinsa akwai wani shati mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Buddha suna cewa sawun Buddha ne, Hindu suna cewa na Shiba ne, tsofaffin littattafan tarihi na Musulmi kuma suka kawo cewa nan Annabi Adamu ya sauka daga Aljanna. Ibn Baɗuɗa ya hau dutsen a 1344, ya ba da labarin sarƙoƙin ƙarfe da mahaya suke kamawa. Shi ne dai matafiyin da a 1353 ya sauka a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya ambaci tagullar da ake kai wa Gobir da Barno. A Dare Dubu da Ɗaya ma, a Sarandib tafiyar Sindbad ta shida ta ƙare. Tsibirin da aka sani da sawun ƙafa guda ɗaya shi ne ya ba da sunansa ga labarin masu karanta sawu.

Inda hanya ta rabu

Daga nan labarin da kalmar suka raba hanya. Labarin ya tafi da basirar. A 1747 Voltaire na Faransa ya sa shi a littafinsa Zadig, inda gwarzon ya siffanta karyar sarauniya da dokin sarki daga sawunsu, shi ma aka tuhume shi da sata. A 1880 masanin kimiyya Thomas Huxley ya yi lacca a kan "hanyar Zadig", yana nuna cewa haka mai nazarin ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe yake aiki. Masu nazarin adabi da yawa suna ganin ta wannan hanya aka bi har aka iso ga labaran masu binciken laifi irin su Sherlock Holmes, wanda ya fara fitowa a 1887.

Ita kuwa kalmar barci ta yi. Walpole ya rasu a 1797, ba a buga wasiƙunsa ga Mann ba sai 1833. Ko bayan haka ba ta yi wani motsi ba sai 1875, da wani mai suna Edward Solly ya tono ta a mujallar Notes and Queries. Ta daɗe a hannun masu farautar tsofaffin littattafai, kafin masana kimiyya su ɗauke ta a ƙarni na 20. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya ware mata babi guda a littafinsa na 1945. Masanin zamantakewa Robert Merton da abokiyar aikinsa Elinor Barber sun rubuta littafi sukutum a kan tarihinta a 1958, amma bai fito da Ingilishi ba sai 2004. Tana ƙara bazuwa, tana ƙara sauƙi. Ya zuwa 2001 ta zama sunan wani fim ɗin soyayya na Amurka, inda saurayi da budurwa suka bar wa ƙaddara ta sake haɗa su. Babu sauran raƙumi, babu ciyawa, babu tururuwa.

Abin da wannan ragi yake jawowa ya fi fitowa a yadda ake ba da labarin maganin fenisilin. Ana cewa a watan Satumban 1928 Alexander Fleming ya dawo daga hutu, ya tarar funfuna ta faɗa cikin wani farantin da yake renon ƙwayoyin cuta, ta kashe waɗanda suke kewaye da ita, shi ke nan aka samu magani. Haka ne, amma funfuna ta sha ɓata faranti a ɗakunan gwaji kafin wannan rana, ana wankewa a ci gaba da aiki. Fleming ya yi shekarun yaƙin duniya na farko yana nazarin raunukan sojoji da suka ruɓe, ya kuma shafe shekaru yana neman abin da zai kashe ƙwayar cuta bai cuci jiki ba. Idonsa ya riga ya san abin da fili a kewayen funfuna yake nufi. Bayan haka ma sai da Howard Florey da Ernst Chain da tawagarsu a Oxford suka yi aikin tace maganin kafin a gwada shi a kan mara lafiya a 1941. Su ukun aka haɗa aka ba kyautar Nobel a 1945. Louis Pasteur ya riga ya faɗi ma'anar wannan a wata lacca a 1854, shekara 100 cif bayan wasiƙar Walpole, inda ya nuna cewa a fagen bincike sa'a ba ta zuwa sai ga zuciyar da ta shirya.

Abin da ya rage mana

Muna da karin maganar da take cewa sa'a ta fi sammako. Tana da wurinta, amma in ɗalibi ya ɗauka haka ake gano abubuwa, zai zauna jiran gasasshen tsuntsu. Tarihin wannan kalma yana nuna masa wata hanya. Mutum ɗari za su bi hanya ɗaya, ciyawa ɗaya za su gani, amma wanda ya san yadda raƙumi yake kiwo shi ne zai tsaya ya tambaya me ya sa aka ci wannan gefe aka bar wancan.

Wannan ilimi kuwa yana nan kusa da mu. Makiyayin da zai ware sawun saniyarsa daga na garke, maharbin da zai dubi karyayyen kara ya ce ga abin da ya wuce nan da asuba, ungozomar da za ta dubi tafiyar mace ta san haihuwa ta kusa, duk aikin 'ya'yan Nizar suke yi. Mun saba ba ma kiran wannan ilimi, domin ba a rubuce yake ba, alhali irinsa ne ya bi ta Delhi da Benis ya shiga ƙamus ɗin Ingilishi, har manyan jami'o'i suna rubuta littattafai a kansa.

Hausawa sun ce sawun giwa ya danne na raƙumi. Ingilishi giwa ne a wannan zamani, kuma ya taka kalmar har raƙumin ya koma alfadari, daga baya ya ɓace gaba ɗaya. Amma sawun yana nan a ƙasa ga wanda ya sunkuya. Don haka duk ranar da aka ba mu serendipity mu fassara, kada mu tsaya a "sa'a" kawai. Mu ce dacen mai lura, ko tsintuwar mai basira, don a dawo mata da rabin da ya zube a hanya.